Ɗankwali a Cikin Tulu

Shekara ashirin da shida Mama Rifkatu tana buga mana tulu a Zumuntar Mata ta cocinmu da ke unguwar Television a Kaduna. Ni, Janet, na yi goma sha ɗaya daga ciki ina ba da waƙa mata suna amsawa. Wanda bai san zumunta ba zai ɗauka mai ba da waƙa ita ce babba, tunda ita ke tsaye a gaba da makirufo tana buɗe baki. Ba haka ba ne, tulu ne babba. Tulun ƙasa ne mai faɗin ciki, ana zaunar da shi a kan gammo, a riƙa dukan bakinsa da wani ɗan faifai da aka ɗinke da soson katifa. Idan ya ce dum, masu ganga shi suke bi, masu kacau-kacau shi suke bi, ƙafafun mata arba'in shi suke bi. Ni kaina shi nake bi, duk da cika bakina.

Mama ba ta wasa da tulun nan. Dokarsa ɗaya ce, kuma ko jaririn coci ya san ta: ruwa ba ya shiga cikinsa. Ta ce laima tana kashe masa murya. Da damina a ƙarƙashin gadonta yake kwana, a gidanta da ke unguwar Nasarawa, ranar koyon waƙa ta rungumo shi a cikin keke mai ƙafa uku kamar jikanta. Wata rana wata baƙuwa ta jefa ɓawon lemo a ciki, ta ɗauka kwandon shara ne. Ba zan maimaita abin da Mama ta faɗa mata ba, tunda a harabar coci aka yi.

Ita ta shigar da ni zumunta. Na zo Kaduna amarya daga Zonkwa, ban san kowa ba, ina zama a bencin baya ina rera waƙa a cikin maƙogwaro. Ta ji ni, a lokacin kunnenta yana kama motsin kiyashi. Ta ja ni gaba, ta ba ni ɗankwalin zumunta na farko da na taɓa ɗaurawa, ta ɗinka harafin farko na sunana a gefensa da jan zare, wai don kada masu dogon hannu su yi mini musaya. Ɗankwalin ya koɗe, an sauya atamfar zumunta sau uku tun daga lokacin, amma kullum yana cikin jakata.

Kafin ta tsufa ta yi shekara goma sha tara a wata masaƙa, cikin ƙarar injuna daga safe har yamma, har masaƙar ta rufe. Takan ce a can ta koyi kiɗa, domin inji ba ya sauri ba ya jinkiri. Takan kuma ce a can ta baro rabin kunnuwanta, mu yi dariya. Ba mu lura da ranar da maganar ta daina zama abin dariya ba.

Bayan bikin Ista na bara abin ya fara. Sai in ɗaga waƙa, in sauke ƙafa inda ya kamata tulu ya faɗo, in ji shiru na ƙiftawar ido, sannan dum ɗin ya zo. Ƙiftawar ido ba komai ba ce a kasuwa, amma a waƙa rami ce. Me muka yi? Abin da matan zumunta suka iya: muka rufa mata asiri. Ba wadda ta yi shawara da wata, kawai muka rage gudu muka jira ta. Ita kuma da yake bakinmu take kallo don ta san inda muke, ta ga mun rage, sai ta ƙara ragewa. Mu jira ta, ta jira mu. Waƙar murna da muke gamawa a minti huɗu ta koma shida, har Baba Istifanus, dattijon coci mai bakin tsiya, ya tare ni a ƙofa ya ce, "Janet, Ubangiji dai ya tashi tun watan huɗu, amma waƙarku har yau tana kabari."

Na yi dariya don ya wuce, amma maganar ta ci ni.

Wadda ta fara faɗin abin da sunansa ita ce Debby. Yarinya ce sabuwar aure, malamar kiɗa a wata makarantar kuɗi, irin yaran nan da ba sa iya haɗa jimlar Hausa ba su yayyafa mata Turanci ba. Wata Alhamis bayan mun tashi daga koyon waƙa ta tsayar da ni, ta kunna mini abin da ta ɗauka a waya.

"Anti Janet, ki saurara," in ji ta. "Mama is falling behind."

Turancina na kasuwa ne. Na ce, "Wace faɗuwa kuma? Ga ta can zaune daram."

"Ba faɗuwa ƙasa ba, Anti. Haka ake cewa in ana tafiya tare, mutum bai tsaya ba, yana iya ƙoƙarinsa, amma tazara sai ƙaruwa take tsakaninsa da sauran. Ana faɗa wa ɗalibi, ana faɗa wa mai tsere. Shi wani lokaci bai ma sani ba, sai an waiga an gaya masa."

Na ji haushi, ba don ta yi ƙarya ba, sai don yarinyar da aka haifa bayan Mama ta fara buga tulu ita ce ta samo wa ciwonmu suna, kuma da harshen da Mama ba ta ji. Na ce mata ta kashe wayar, ta koyi gaishe da manya tukuna kafin ta fara auna su. Ta kashe, ta mayar da ita jaka. Yarinyar tana da tarbiyya, ni ce ba ni da gaskiya.

A watan goma sha ɗaya aka sa taron zumunta na gunduma a unguwar Kudenda, coci goma sha biyu, kowace za ta yi waƙa biyu. Ba gasa ba ce a rubuce, amma duk macen da ta ce miki ba gasa ba ce, ba ta taɓa zuwa ba. Shugabarmu ta kira ni ta ce ba za mu je mu ja waƙa kamar masu rakiyar gawa a gaban coci goma sha ɗaya ba. Debby ta iya tulu, ita za ta buga. Kuma tunda ni ce 'yar gaban goshin Mama, ni zan je in faɗa mata.

Na je ranar Talata da rana. Tun daga gadar Nasarawa nake shirya maganar a cikin keke, na jera ta tsaf. Na tarar da ita a tsakar gida, tabarau a kan hanci, tana ɗinka sabon faifan bugu. Ta ɗaga shi ta nuna mini.

"Na Kudenda ne," in ji ta, da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne suke magana. "Tsohon ya gaji. Soso biyu na sa, za su ji shi har bakin titi."

Ta zubo mini faten acca, ta zauna tana kallona ina ci. Maganar da na jera ta bi faten ta sauka ciki. Muka yi hirar ciwon gwiwa da tsadar gawayi. Da na miƙe zan tafi ta riƙe hannuna.

"Janet, ina tsufa, na sani. Ranar da hannuna ya gaza, ke za ki faɗa mini. Kada ki bari in ji a bakin yara."

Ga ƙofa ta buɗe mini da kanta, saura in shiga. Na kalli sabon faifan, na kalli farcenta da allura ta soke. Na ce, "Haba Mama, hannunki lafiyarsa ƙalau."

Ban yi ƙarya ba, kunnen ne ya gaza, ba hannun ba. Da wannan na lallaɓa zuciyata har gida. Ni da nake faɗa wa fasto gaskiya a fuskarsa, ranar tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba.

A hanyar komawa dabarar ta zo mini, kuma na ɗauke ta wayo. Mama ba ta jin tulunta sosai. Idan aka cusa masa tsumma ya yi shiru, Debby ta zauna a bayanta da wani tulun tana ba mu kiɗan gaske, waƙa za ta tafi daidai, Mama ta buga abinta a gaban jama'a da sabon faifanta, kowa ya koma gida da mutuncinsa. Shugaba ta ce ita ba ta ji ba, ba ta gani ba, wato ta yarda. Debby ce kawai ta ja baya.

"Anti, wannan ba daidai ba ne fa. A gaya mata kawai, she will understand."

"In ke za ki iya, ga hanyar Nasarawa can," na ce mata.

Ta sunkuyar da kai. Na gaya wa Mama cewa filin Kudenda babba ne, an ce kowace coci ta zo da tulu biyu. Ta ce madalla, yarinya za ta koyi hannu.

Ranar Asabar muka isa tun ƙarfe tara na safe. An kafa rumfuna a filin coci, an yi dandamali na katako, ko'ina atamfa iri ɗaya sai ka rasa matarka a ciki. Muka ajiye kayan kiɗa a bayan rumfarmu. Mama ba ta barin tulunta, amma ranar ta hango wasu tsofaffi biyu da suka yi masaƙa tare, ta ce mini, "Riƙe mini shi, ke kaɗai na yarda da ke," ta tafi tana ɗingishi tana kiran sunayensu.

Na fito da tsummokaran da na taho da su a leda na dinga turawa. Tulun nan ciki gare shi, ya cinye su duka. Na ɗan buga bakinsa da tafin hannu, har yanzu yana da sauran murya. Na waiga, ga Mama ta fara sallama da mutanenta. Na laluba jaka, hannuna ya faɗa kan tsohon ɗankwalin nan. Ban tsaya tunani ba, na dunƙule shi na danna can ƙasan wuya inda ido ba ya kaiwa. Na sake bugawa, shiru. Na ce a raina da mun sauko zan cire kafin ta ankara.

Mu ne na biyar. Muka hau dandamali, Mama ta zauna a kujerarta a gaba, ta tuɓe takalmi kamar yadda ta saba, ta ɗora tafin ƙafarta a kan katako. Debby ta zauna a bayanta, masu ganga sun kare ta. Na ɗaga waƙa, na sauke ƙafa.

Faifan Mama ya sauka a bakin tulu ya ce fat, kamar an mari filo. Daga baya tulun Debby ya ce dum.

Ina kallonta ta gefen ido. Hannunta ya tsaya a sama. Ta dubi bakin tulun, ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Kallon mutum ne da ya taka matakala ya tarar babu ita. A shirmena na manta abin da kowace mai buga tulu ta sani: ba kunne kaɗai ke jin sa ba. Duk bugu iska takan fito ta daki hannu, cikin tulun ya yi rawa a tsakanin gwiwoyi. Shekara ashirin da shida tana jin wannan, ni kuma na zaci tsumma zai ruɗe ta.

Na ɗauka za ta tashi ta sauka. Ba ta tashi ba. Ta gyara zama, ta ci gaba da dukan tulun da ba ya magana, fuskarta a sake kamar ba abin da ya faru, don kada coci goma sha ɗaya su gane abin da muka yi mata.

Waƙar ta tafi yadda ba ta tafi ba tun Ista. Mata suka ɗauki amshi da ƙarfi, ƙafafu suka haɗu, guɗa ta tashi daga rumfunan wasu. Sai a waƙa ta biyu na lura da abin da ya sa muryata ta kusa karyewa. Hannun Mama yana sauka tare da na Debby, daidai wa daida, ba ƙiftawar ido a tsakani. Ko sau ɗaya ba ta makara ba. Ba ta ma kallon bakina, idonta a rufe yake.

Da muka sauko mata suka rufe ni da runguma, shugaba tana cewa yau mun wanke kunya. Kafin in ƙwace kaina Mama ta ɗauki tulunta. Na same ta a bayan rumfa, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, tana zaune a kan bulo. Ta zura hannu tana zaro tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta kakkaɓe shi, ta ninke, ta ajiye a gefe, kamar wanki ta kwaso daga igiya. Ɗankwalin yana kan cinyarta daban, jan zaren yana sama.

"Kin manta kayanki a tuluna," in ji ta, ta miƙo mini.

Na durƙusa. "Mama, ki yi haƙuri."

"Ɗaga murya, ba na ji."

Sai da na maimaita da ƙarfi, har masu sayar da ruwa suka waigo.

"Baya nake yi?" ta tambaye ni.

"E, Mama."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Ista."

Ta lissafa da yatsu. "Wata bakwai. Ku arba'in kuna ji, kuna jira na, ni ina can ina murna wai mun iya waƙa da natsuwa." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Har da yarinyar nan ta sani?"

"Ita ta ce a faɗa miki. Ni na hana."

Ta gyaɗa kai tana shafa wuyan tulun.

"Kin san wani abu? Yau na ji kiɗa. Rabona da jin sa haka tun bara. Tulun yarinyar ta katako yake shigo mini, ta ƙafa, kamar injin masaƙa. A cocinmu siminti ne, ba ya kawo komai. Da ranar Talata kin buɗe baki, da mun nemi kafinta ya buga mana ɗan katako mu zauna a kai ni da ita. Da na bi ta. Ba na jin kunyar bin yarinya, Janet."

Na kama maganar da hannu biyu. "Za a yi, Mama. Gobe-goben nan. Ni zan je wajen kafinta da kaina, ke da Debby ku riƙa bugawa tare."

Ta girgiza kai a hankali.

"A'a. Yanzu duk ranar da zan buga, sai na leƙa ciki tukuna. Ba zan iya yabon Allah ina leƙe ba."

Ta miƙe, ta rungumi tulun. Na kai hannu in taya ta, ta juya kafaɗa kaɗan, ba da faɗa ba. Ba ta jira motar zumunta ba. Ta tsayar da keke a bakin titi, ta shiga, ta ɗora tulun a cinya. Na tsaya da ɗankwali a hannu da tarin tsumma a ninke a gaban ƙafata, a cikin fili kuma wata coci ta ɗaga waƙa.

Ba ta daina zuwa coci ba, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce wa shugaba gwiwa ce ta matsa mata. Ranar Lahadi tana zama a bencin baya, inda ta tsince ni shekarun baya, ta ɗora hannuwa a kan jakarta. Debby ce ke buga mana tulu yanzu, kuma ta iya, waƙarmu tana ƙarewa a minti huɗu. Baba Istifanus ya ce mini an ta da matacciya. Ban yi masa dariya ba.

Katakon na sa an yi duk da haka, yana nan jingine a ɗakin ajiya na coci. Kafin Kirsimeti na tara ƙarfin hali na koma Nasarawa in gaya mata yana jiran ta. Rana ta take, na iso da gumi. Ta karɓe ni da fara'a, ta tambayi maigida da yara, ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa.

"Kin sha rana," in ji ta. "Bari in ba ki ruwa."

Ta nufi lungun da ke kusa da ƙofar kicin. A nan na ga tulun, zaune a kan jiƙaƙƙen yashi, an rufe bakinsa da faranti, gefensa ya yi duhu saboda laima. Ta ɗaga farantin, ta zura kofi a ciki, ta kawo mini da hannu biyu.

Ban ƙara ta da maganar katako ba. Ruwan yana da sanyi sosai. Ta tsaya a kaina tana jiran kofinta, na shanye shi duka.